Kanikancin Fijo 504 a Katsina: Daga Kangon Mota Zuwa Filin Tsere

Duk wanda ya zaga garejojin birnin Katsina zai yi wuya bai ga wata tsohuwar Peugeot 504 a yashe gefe ba, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta. Mai wucewa kangon ƙarfe yake gani. Tsohon bakaniken Fijo kuwa yakan durƙusa ya leƙa ƙasanta, ya ƙwanƙwasa bodin da sifana, daga ƙarar da ya ji ya san ko da sauran rai a jikinta.

Wannan mota ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A Faransa aka fito da ita a 1968, sannan daga 1975 kamfanin PAN na Kaduna ya shiga harhaɗa motocin Peugeot, aka yi ta fitar da 504 har kusan shekara 30. A lokacin ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce ta haya daga Katsina zuwa Kano, Daura, Funtuwa da Jibiya, har a tsallaka Maraɗi. 'Yar'uwarta a-kori-kura kuma ta ɗauki buhunan gero daga kasuwannin ƙauye.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, motar nan gwarzuwar tsere ce. A 1975 Ove Andersson, mutumin Suwidin, ya lashe gasar Safari ta Kenya da ita, bayan tafiyar fiye da kilomita 5,000 cikin laka da duwatsu. A shekarar dai ta ci gasar Maroko a hannun Hannu Mikkola, ta kuma ci ta Bandama a Kwaddebuwa. A 1978 kuma Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da samfurinta mai ƙofa biyu. Har gobe tsofaffin motoci na da filinsu, domin tun 2003 ake shirya wata gasar Safari a Gabashin Afirka dominsu kaɗai. A gida ma, gasar motoci ta daɗe tana cikin shagulgulan bikin kamun kifi na Argungu.

To, yaya ake ta da irin wannan mota daga kwance har ta isa filin gasa?

Aikin yana farawa ne da wargazawa. A sauke inji da giya, a cire kujeru, gilasai da wayoyi, har sai bodi ya rage tsirara. A nan ne gaskiyar mota ke fitowa: tsatsar da ta ci daɓen ƙasa, tsagewar da ke inda shokoba ke zama, da tsohon haɗarin da wani ya lulluɓe da fenti. Fanel bita zai yanke ruɓaɓɓen wuri ya sa sabon ƙarfe. Mai walda kuma ya bi gaɓoɓin bodin ɗaya bayan ɗaya yana ƙara musu ɗinki, saboda waldar kamfani ɗigo-ɗigo ce, ba ta jure dukan da mota ke sha idan tana faɗa wa ramuka a guje.

Daga nan sai keji. Ana lanƙwasa bututun ƙarfe mai kauri a kafa shi cikin motar, ya kewaye direba da abokin tafiyarsa mai karanta masa hanya, domin idan ta wuntsila kada rufin ya danne su. Wannan ba wurin arha ba ne. Hukumar wasannin motoci ta duniya, FIA, ta ƙayyade irin ƙarfen da kaurinsa, kuma duk wanda ya yi keji da bututun ruwa ya yi wasa da ran mutane.

Inji shi ne inda maigidan gareji ke nuna gwaninta. Injin 504 mai kusan lita 2 yana da wata baiwa: ramukan da fistin ke kai-komo a cikinsu zare su ake yi a sa sababbi, don haka inji ɗaya yakan yi rai sau da yawa. A sa sabon fistin da ringi, a goge bawul har su zauna daram, a wanke kafireto a daidaita shi. Ƙwararre ba ya gaggawar ƙara wa injin ƙarfi fiye da kima. Ya san cewa a tseren daji, motar da ta kai ƙarshe ita ke cin gasa. Saboda haka hankalinsa na kan abokan gaba biyu da kowane direban Katsina ya sani: zafi da ƙura. Lagireto ya zama mai yalwa kuma tsaf, matatar iska ta zama mai kyau, domin ƙurar hunturu idan ta shiga inji, ci take yi kamar gara.

Sai ƙafafu. A ɗaga motar kaɗan, a sa shokoba masu ƙarfi, a ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji da tankin mai don kada dutse ya fasa su. A sabunta birki gaba ɗaya. Mai rewaya ya ja sababbin wayoyi, ya ƙara fitilu, ya sa makunnin da ke yanke wutar batir nan take. A ɗaure tayoyin safaya biyu da abin kashe gobara, a kafa kujeru masu rungume jiki da bel mai ɗaure kafaɗu da ƙugu. Mai fenti shi ne na ƙarshe. Bayan haka sai gwaji a hanyar burji, a dawo a ƙara ɗaure notuna, a sake fita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan aka duba da kyau, rabin wannan aiki ba sabo ba ne a wajen kanikawanmu. Shekara da shekaru suna ɗaga mota, suna ƙarfafa ƙafafunta domin direbobin da ke keta rairayin kan iyaka da lodi har rufi. Ilimin da Turawa suka samo a gasar Safari, su a hanyoyin ƙauyukan Jibiya da Kaita suka samo shi. Haka kuma suke gadar da shi: uba ya kawo ɗansa ya damƙa wa maigida, yaro ya fara da wanke notuna da miƙo sifana, ya shekara biyar ko fiye kafin a yaye shi. Kunnensa ake fara horarwa, har ya iya gane ciwon inji daga kukansa.

Sai dai sana'ar tana cikin matsi. Kayan gyara na asali sun yi wuya, sai an je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ana tono, ga jabu ya cika kasuwa. Matasa sun karkata ga motocin zamani da ake auna ciwonsu da kwamfuta. Mafi ciwo kuma, kullum 'yan jari-bola na sare waɗannan motoci suna sayarwa a kan sikeli, alhali a ƙasashen waje nemansu ake yi ruwa a jallo.

Kira na farko ga masu hali ne: wanda ya gaji 504 daga mahaifinsa, kada ya bari a auna ta a kilo. Na biyu ga makarantun sana'a, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina: su jawo tsofaffin kanikawan nan kusa da ɗalibai tun suna da ƙarfin koyarwa. Na uku ga hukuma da matasa: wasan mota a titin gari ganganci ne da ke cin rayuka, amma fili na musamman mai doka da kayan kariya zai mayar da wannan sha'awa sana'a. Garin da ya iya kiwon dokin folo da na hawan salla ba zai kasa renon motar tsere ba. Da tsohuwar zuma ake magani, mu riƙe tamu tun ba ta ƙare ba.