Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Fijo 404

'Yan uwa ɗalibai, wannan makon mun leƙa garejin bakanikai a Tambuwal, muka tarar da wata akori-kura Peugeot 404, wadda iyayenmu ke kira Fijo. Da can tana ɗaukar gero da shinkafa daga ƙauyukan Kebbe, amma ta daɗe a ajiye har kaji suna ƙwai a cikinta. 'Yan gwangwan sun taya, mai ita ya ce albarka.

A Faransa aka fara ƙera 404 a 1960, daga 1975 kuma aka riƙa haɗa ta a Kaduna. Ba ta da kwamfuta ko na'urar sanyi, giyarta ma a jikin sitiyari take.

Ba a fara tayar da injin. Sai an juye tsohon baƙin mai, an wanke tanki da kafireta, an sa sababbin fulogai, an duba ko lagireto yana yoyo. In aka yi gaggawa, dattin zai lalata injin. Daga nan sai birki. Mai walda ya yanke wurin da tsatsa ta cinye ya liƙa sabon ƙarfe. Fenti ne ƙarshe, ko da yake mu shi muka ƙagara mu gani.

Wahalar ita ce kayan gyara. Wani sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, wani a ciro daga jikin matacciyar Fijo. Yanzu fitilar gaba ta hagu ake nema.