Yadda Za Mu Bi Sawun Kakanninmu na Farko a Kaduna

Idan muka tambayi ɗalibi a aji, "Kai ɗan ina ne?" sai ya ce ɗan Kinkinau ne ko Tudun Wada. Amma da mun ce, "Wa ya fara kawo gidanku Kaduna, kuma daga ina?" sai ya sunkuyar da kai. Ba laifinsa ba ne, mu manya ne ba mu gaya masa ba.

Kaduna ba tsohon birni ba ne kamar Zariya. Da can ƙauyukan Gbagyi ne jefi-jefi kusa da kogi, saura duk daji. Hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano a 1911 ta ratsa nan, sannan a 1917 Gwamna Lugga ya ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru ya dawo da ita Kaduna. Sai leburori da sojoji da akawuna da kuku da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa. Saboda haka, in ban da Gbagyi, kusan kowanenmu jikan baƙo ne.

To, ta ina za a fara neman wannan baƙo? Daga gida. Da tsohuwar zuma ake magani. Mu zauna da kaka, mu riƙe littafi da biro. Kada mu tambaye ta shekara, domin mutanen da ba su lissafi da kalanda. Mu tambayi abin da ya faru a lokacin. In ta ce mahaifinta ya baro ƙauye a babbar yunwar da Kanawa ke kira Kakalaba, mun san 1913 zuwa 1914 ke nan. In ta ambaci annobar mura da ta biyo Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1918 ce.

Na biyu, littattafan ikilisiya. Littafin baftisma da na aure sukan nuna sunan mutum da na iyayensa da garinsu. Mishan ta C.M.S. ta zauna a Zariya tun 1905, zamanin Dokta Miller, kafin ta koma Wusasa.

Na uku, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke nan Kaduna, inda rahotannin Razdan da na Di'o suke, da kuma Arewa House da aka kafa a 1970. Ba lallai mu ga sunan kakanmu a can ba, amma za mu ga halin da ƙauyensu yake ciki na haraji da yunwa da aikin tilas, mu gane abin da ya tashe shi.

Sai dai a yi hattara da suna. Mutum ɗaya yana iya zama da sunan gida, da sunan baftisma, da wanda akawu ya laƙaba masa da sunan garinsu. Mata kuwa da ƙyar suke fitowa a takardun gwamnati, labarinsu yana bakin tsofaffi ne.

Takarda tana iya jiranmu, amma tsoho ba zai jira ba. Kowane ɗalibi ya dawo daga wannan hutu da sunayen kakanninsa huɗu da garuruwansu a rubuce.