Gaisuwar mutuwa a gidan mai wasa

Kowane gari na ƙasar Adar yana da mai wasansa. Akwai shi a Bilbis da Fakawa, cikin birnin Tawa. Akwai shi a Kalfu, da Barmu, da Afala, har Takanamat, inda gonaki suke raguwa, dajin makiyaya ya soma. Ba wanda ya naɗa shi, amma kowa ya san shi. In ya iso wurin gayya, sai noma ya yi sauƙi. Ran Lahadi a kasuwar Tawa, shi ne mai taya raƙumi, alhali ko dala babu a aljihunsa. A bakin rijiya kuma, in makiyaya sun soma gardama kan wanda zai fara shayar da bisashe, sai ya jefa magana guda. Kowa ya yi dariya, guga ya koma aiki.

Ranar da irin wannan mutum ya rasu, gari yakan yi tsit. Bayan an dawo daga maƙabarta, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Maza su zauna waje, mata su taru ciki. Mai zuwa ya durƙusa ya ce: "Ina haƙuri? Allah shi jiƙan shi, Allah shi ba ku dangana." A amsa masa da amin. A yi fatiha, ya koma gefe. Haka za a yi kwana 3.

To, a nan abokansa suke shiga wani hali. Kowanensu yana zaune da labarin marigayi a bakinsa, kuma labarin na ban dariya ne, don ba su san shi da wani irin ba. Sai su haɗiye. Suna tsoron a ce ba su ji mutuwar ba. A ranar farko shirun nan daidai ne. Amma in aka yi kwana 3 ba wanda ya ambaci halinsa, sai ka ce baƙo aka rufe.

Galibi dattijo ne yake buɗe ƙofa. Ya yi gyaran murya ya ce: "Kun tuna ranar da ya taya raƙumin nan?" Wani ya sunkuyar da kai yana murmushi. Wani ya ƙarasa labarin. Kafin a jima, ga dariya ga hawaye a tabarma guda. Ta bayan danga, uwargida tana ji. Ƴaƴansa ma suna ji. Daga nan suke sanin cewa ubansu yana da wuri a zuciyar mutane. Sau da yawa wannan ya fi yi musu magani bisa ga "a yi haƙuri" sau ɗari.

Malamai ba su hana ambaton mamaci da alheri ba. Abin da suka hana shi ne kururuwa, da yage tufafi, da dukan jiki. Suna ma ba da labarin wani sahabi mai suna Nu'aimanu, mutumin Madina, wanda ya yi suna da barkwanci. Yakan karɓi kaya bashi a kasuwa, ya kai wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce kyauta ce. In mai kaya ya zo neman kuɗinsa, sai ya kai shi wurin Annabi ya ce ga mai biya. Annabi ya yi dariya, ya sa a biya. Yau shekara fiye da 1400 ke nan, ana tunawa da Nu'aimanu da wasansa.

Taubasai kuwa suna da nasu hakki a wurin makoki. Ɗan mace da ɗan namiji taubasai ne. Haka Fulani da Barebari, Fulani da Arawa, Buzaye da Zabarmawa, Zabarmawa da Gobirawa. A shekarar 2014, hukumar UNESCO ta sa wasan taubasai na Nijar cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Taubashi yakan shigo ya yi gaisuwa kamar kowa. Can sai ya ce: "Ai na san dalili. Ya ga watan shara ya kusa, ya gudu da kuɗina." Maganar da wani ba ya iya yi, shi ya yi ta, kuma ba mai jin zafi. A wasu garuruwa jikoki ma suna sa rigar kakansu da hularsa, su ɗauki sandarsa, su kwaikwayi tafiyarsa, sai an ba su ɗan abu su bari.

Amma kowane wasa da wurinsa. Na jikoki sai ga tsohon da ya ga jikokinsa. Ba a yin sa a mutuwar saurayi, ko ta macen da ta rasu wajen haifuwa. Akwai kuma labarin da ya dace da dandali, bai dace da kunnen marayu ba. Abokin kirki ya san wanda zai faɗa da wanda zai bari a cikinsa.

Birnin Tawa ya nuna yadda ake riƙe mai sa mutane nishaɗi. Albarka Cibau mutumin Tawa ne, gwanin tatsuniya. An rubuta tatsuniyoyinsa da Hausa, aka buga su a Yamai. A 1993 aka juya su da Ingilishi a Amurka. Gidan matasa da al'adu na Tawa yana ɗauke da sunansa. Mawaƙi Ɗan Gurmu ma an sa wa gasar waƙa sunansa. Ba kowane mai wasa ne za a sa wa gini sunansa ba. Amma wanda ya yi karatun manya yana iya sayen ɗan littafi, ya rubuta labarun abokinsa guda biyar ko goma, da garin da abin ya faru, ya ba babban ɗansa ya ajiye. Yaron da yake goye yau, wata rana zai tambaya.

Sai dai dariya ba ta cika rumbu. Mai wasa yana da jama'a, don haka masu gaisuwarsa suna da yawa. Wasu daga Keita, wasu daga Tabalak, wasu daga Abalak. Kowa sai ya sha fura, mai nisa sai ya kwana. Ga sadakar uku, ga ta bakwai, ga ta arba'in. Mutumin kuma, Allah ya jiƙansa, galibi hannunsa a sake yake, bai bar ajiya ba. Gidan da ya san yunwar 1973, da ta 1984, da ta 2005, ya san darajar damin hatsi guda. Sa'ad da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya yi shahada, a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi ya umurci a dafa abinci a kai wa iyalinsa, don abin da ya same su ya shagaltar da su. Ke nan maƙwabta ne ya kamata su ciyar da gidan mutuwa. A wurare da yawa an juya abin: gidan mutuwa ne yake ciyar da gari.

Ga kuma lissafin takaba. Wata 4 ne da kwana 10. In mutum ya rasu a watan Yuni, lokacin shuka, matarsa ba za ta fita takaba ba sai Oktoba, an riga an yi girbi. Damina guda ke nan cif. Malamai sun yarda ta fita da rana in akwai larura, amma mace guda da ƙananan yara ba ta iya noman farko da maimai. Manyan ƴaƴa kuwa suna iya kasancewa a Abijan, ko Legas, ko Libiya wajen cirani. Za su kira ta waya su yi kuka, su aiko da abin da ya samu. Waya ba ta riƙe hauya. Abokan da suka sha dariyarsa a gonakinsu, su ne ya kamata su tsai da ranar gayya tun tabarmi suna ƙasa. In an naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa.

Bashi ma a faɗe shi a lokacin. Mai wasa yakan ranta wa mutum jika biyu cikin raha, ba shaida, ba takarda. Wanda ya karɓa ya sani, Allah ya sani. Ya kawo, ya sa a hannun magada a gaban mutum biyu. Wanda yake bin marigayi kuma ya faɗa, ko ya yafe a fili don iyali su huta.

Makiyaya suna da nasu irin. Akwai saniyar haɓɓanaye, wadda ake ba aboki ya riƙe har ta haifa masa, sannan uwar ta koma ga mai ita. In marigayi ya ba wani, ko an ba shi, a faɗa a gaban dattawa: saniya nawa ce, ta haifu sau nawa, maraƙi na wa ne. A gama wannan kafin garke ya tashi arewa wajen gishirin Ingal, don in ya tashi sai bayan damina za a sake haɗuwa.