Yaron da Karatu Yake Yi wa Wuya Ba Daƙiƙi Ba Ne

A wannan fitowa za mu duba wata matsala da ba a cika kawo ta asibiti ba, domin ba ta sa zazzaɓi, ba ta kwantar da mutum. A kusan kowace unguwa, daga Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi, akwai yaron da ya fi sa'o'insa wayo wajen aike da lissafin kuɗi, amma da an ajiye masa littafi ko allo sai ya tsaya cak. A gida a ce malalaci ne, a makaranta a ce daƙiƙi, bulala ta biyo baya, daga ƙarshe ya bar karatun. Da yawa daga cikin irin waɗannan yara suna da abin da likitoci ke kira disleksiya, wato wahalar karatu da rubutu ga mutumin da hankalinsa da idonsa da kunnensa lafiya lau.

Mene ne disleksiya?

Wani likitan ido ɗan ƙasar Jamus mai suna Rudolf Berlin ne ya raɗa mata wannan suna a shekarar 1887. Da farko an zaci daga ido take. Yau an gane cewa daga yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa sautin magana ne. Kafin yaro ya karanta kalmar "gida", sai ya iya rarrabe sautukan da ke cikinta, ya haɗa kowane da harafinsa, kuma ya riƙe su a ka har ya kai ƙarshen kalmar. Wannan aiki ne yake yi wa mai disleksiya nauyi. Ana ƙiyasta cewa mutum 5 zuwa 10 cikin 100 suna da ita, maza da mata. Ba aikin iska ba ne, ba sammu ba ne, kuma ba laifin uwa ba ne.

Abin da aka gano a Jamusanci

Me ya haɗa mu da Jamusanci? Rubutunsa ya yi kama da bokon Hausa ta wata fuska: galibi yadda aka rubuta kalma haka ake faɗinta, ba kamar Ingilishi ba. A shekarun 1990, wani malami a Jami'ar Salzbug ta ƙasar Ostiriya, Heinz Wimmer, tare da abokan aikinsa, sun nuna cewa yara masu disleksiya da ke jin Jamusanci ba su cika yin kuskure wajen karatu kamar takwarorinsu na Ingila ba, sai dai suna karatun ne a hankali ƙwarai, da ƙyar, kuma rubutunsu cike da kurakurai.

Da aka auna manya, sai aka ga matsalar ba ta gushewa da girma. Har yanzu karatunsu da nawa, suna shan wuyar riƙe jerin lambobi ko kalmomin da aka faɗa musu yanzun nan, kuma sukan ɗan jinkirta kafin su kamo sunan abin da suka sani sarai. Amma tunaninsu da basirar warware matsala daidai suke da na kowa, wasunsu ma har jami'a sun gama.

Darasin a gare mu shi ne, yaro yana iya karanta Hausa daidai amma yana jan kalma ɗaya bayan ɗaya, a ce ai ya iya, sai ya shiga ajin da ake koyarwa da Ingilishi sannan abin ya fito fili. Haka kuma uban da ba ya iya riƙe lambar waya sai an maimaita masa sau uku, ko uwar da ta bar makaranta don karatu ya gagare ta, wataƙila abin da ya same su ke nan.

Tana bin jini

Bincike ya nuna cewa idan uwa ko uba na da disleksiya, kusan rabin 'ya'yansu kan samu wahalar karatu. Wannan ba abin tsoro ba ne, dalili ne na sa ido tun da wuri. Alamun da za ki lura da su kafin shiga makaranta sun haɗa da jinkirin fara magana, juya sautukan kalma har bayan shekara 4, wahalar riƙe sunayen ranakun mako ko ƙirga, da manta saƙo idan an haɗa masa abu biyu ko uku. A bisa al'ada jariri kan faɗi kalmar farko wajen shekara 1, ya haɗa kalmomi biyu wajen shekara 2.

Abin da za ki iya yi tun yana ciki

Babu maganin da ke hana gado, amma akwai abubuwan da ke ƙara wa yaro wahalar koyo waɗanda ana iya kauce musu. Bakwaini da jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi fuskantar matsalar koyo. Saboda haka ki fara awon ciki da wuri; tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa sau 8. Ki sha maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ki kwana cikin gidan sauro, ki yi girki da gishiri mai sinadarin aidin, ki nisanci hayaƙin taba. Idan idon jariri ya yi ɗorawa, a kawo shi asibiti ranar, domin shawara mai tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa da ji.

Ki tsare kunnen yaro. Mutanen Zurmi ba su manta annobar sanƙarau da ta ɓulla a ƙarshen 2016 ta bazu cikin 2017 ba. Sanƙarau kan bar kurumta, haka ma kunnen da ke zubar da mugunya aka ƙyale shi. Yaron da ba ya ji sosai ba zai rarrabe sauti ba, balle harafi. Haka nan gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010 tana lalata ƙwaƙwalwa, don haka kada a daka duwatsun zinare a cikin gida. Waɗannan ba su ne disleksiya ba, amma sai an tabbatar babu su kafin a ce ita ce.

Bayan haihuwa

Jariri yana jin muryarki tun watannin ƙarshe na ciki. Ki riƙa yi masa magana kina wanka, kina girki, kina goyo. Tatsuniya da kacici-kacici da waƙoƙin reno suna horar da kunne ga sautin harshe, kuma ba sai kin yi boko ba.

Idan yaro ya yi shekara biyu a makaranta bai kama haruffa ba, ku kai shi babban asibitin Ƙaura, Shinkafi ko Zurmi a duba ido da kunne. In akwai buƙata za a tura ku Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Babu ƙwaya ko allurar disleksiya. Abin da ke aiki shi ne a koya masa sauti da harafi ɗaya bayan ɗaya, minti 15 zuwa 20 kullum, yana faɗa, yana ji, yana zanawa ko da a ƙasa ne. Maigida ya je ya sami malamin boko da na allo, ya roƙe su su ƙara masa lokaci, su ajiye bulala, kuma kada a tilasta masa karatu gaban aji a yi masa dariya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya sauke ku lafiya, ya raya mana zuri'a.