Na'urar da ke ɗauraye kofunan tatsar shanu da kanta: shin ta cancanci kuɗinta?

A manyan gonakin madara na Ingila, Holan, Jamus da Amurka, inji ne ke tatsar shanu. Saniya ta shigo ɗakin tatsa, a maƙala mata kofuna huɗu a hantsa, cikin 'yan mintoci a gama, ta fita, wata ta shigo a maƙala mata waɗannan kofunan dai. A nan matsalar take. Idan saniyar farko tana ɗauke da ƙwayar cuta a nononta, kofin da ya sauka daga jikinta zai iya kai cutar ga wadda ta biyo baya, har ma da wasu bayanta.

Don toshe wannan kafa ne kamfanoni suka ƙera na'urar da ke ɗauraye kofunan da kanta tsakanin saniya da saniya, ba tare da ma'aikaci ya sa hannu ba. Masu gonaki sun daɗe suna muhawara a kanta: wasu na yabonta, wasu na ganin asarar kuɗi ce. A wannan bayani za mu duba yadda take aiki, abin da take iyawa, da inda ƙarfinta ya tsaya.

Yadda injin tatsa yake

Kowane saitin tatsa yana da kofuna huɗu, ɗaya ga kowane kan nono. Bayan kofin ƙarfe ne ko roba mai tauri, cikinsa kuma akwai wata roba mai laushi, ita ce kaɗai ke taɓa fatar saniya. Injin yana zuƙo madara da ƙarfin iska, robar cikin tana matsewa tana saki kamar sau 60 a minti ɗaya, don kada jini ya taru a kan nonon. Madarar da ta fito daga kofunan huɗu tana haɗuwa a wani ɗan ƙaramin mazubi, daga nan ta bi tiyo zuwa babban tankin sanyaya madara.

Bari mu ɗauki misali. Gona tana da shanu 120 da saitin tatsa 12. Kenan kowane saiti zai hau shanu 10 da safe, ya sake hawa 10 da yamma. Babban wanki da ruwan zafi da sinadari sai an gama tatsar garken gaba ɗaya ake yin sa. Tsakanin saniya ta farko da ta goma, in ba a ɗauki wani mataki ba, robar tana nan da ragowar madarar duk wadda ta gabata.

Ciwon hantsa: cutar da ake yaƙa

Ciwon hantsa kumburi ne da ke samun nonon saniya idan bakteriya ta shiga ta ƙofar kan nono. Yana cikin cututtukan da suka fi jawo wa masu gonar madara asara a duniya. Wani lokaci a bayyane yake: hantsa ta kumbura, ta yi zafi, madara ta fito da gudaji ko ta tsinke kamar ruwa. Sau da yawa kuma a ɓoye yake, saniya tana ci tana sha, madararta ba ta canza a ido ba, amma tana raguwa kuma cutar tana nan.

Ana gano na ɓoyen ne ta ƙidayar ƙwayoyin jiki da ke cikin madara, waɗanda mafi yawansu fararen ƙwayoyin jini ne da jiki ke turawa su yaƙi cuta. Idan adadinsu a madarar saniya ya haura 200,000 a kowace mililita, ana ɗauka akwai alamar cuta. Tarayyar Turai ta sa iyakar 400,000 ga madarar tanki da za a sayar, dokar tarayya ta Amurka kuma 750,000. Kamfanonin sayen madara da yawa suna ƙara wa mai gona farashi idan adadinsa ya yi ƙasa, su rage masa idan ya yi sama. Ga kuɗin magani, ga madarar da dole a zubar muddin saniya tana kan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Shi ya sa batun ya shafi aljihu kai-tsaye.

Yadda na'urar ke aiki

A ɗakunan tatsa na zamani akwai na'urar da ke lura da gudun madara. Da zarar ya ragu, sai ta yanke zuƙar iska ta janye kofunan daga hantsa. Daga nan aikin ɗauraya ke farawa, kuma yawanci matakansa huɗu ne:

1. Wani bawul ya rufe hanyar da ke zuwa tankin madara, don kada ruwan wanki ya shiga.
2. A turo ruwa ya kore ragowar madarar da ke cikin robar.
3. A turo ruwan da aka gauraya da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi amfani da su shi ne asid ɗin ferasetik, domin yana aiki da sauri kuma daga baya yana rikiɗewa zuwa ruwa, iskar oksijin da asid irin na binigar.
4. A busa iska mai ƙarfi daga kwamfiresa ta fitar da ruwan da ya rage.

Duk wannan cikin daƙiƙoƙi yake ƙarewa, kafin layin shanu na gaba ya daidaita a wurinsa.

Kowane kamfani da salonsa. ADF Milking na Ingila ya haɗa ayyuka biyu a kofi ɗaya: yana fesa wa kan nonon maganin kariya a daidai lokacin da kofin ke sauka, sannan ya ɗauraye robar. GEA na Jamus yana da tsari mai kama da haka mai suna Apollo. DeLaval na Suwidin yana da Airwash, mai aiki da ruwa da iska. Lely na Holan, wanda ya shahara da mutum-mutumin tatsa mai suna Astronaut, yana da tsarin Pura da ke kashe ƙwayoyin cuta da tururi mai zafi maimakon sinadari.

Ƙwayoyin cutar kashi biyu ne

Wannan shi ne abin da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin a kansa amsar tambayarmu ta rataya.

Kashi na farko su ne masu yaɗuwa daga saniya zuwa saniya. Gidansu cikin hantsar da ta kamu, hanyarsu kuma lokacin tatsa: robar kofi, hannun mai tatsa, ko tsumman da aka goge shanu da yawa da shi. A cikinsu akwai Staphylococcus aureus, Streptococcus agalactiae da Mycoplasma bovis. Ta farkon tana da wuyar magani idan ta daɗe a jiki, ta ƙarshen kuma magungunan da aka saba ba su cika yi mata komai ba.

Kashi na biyu su ne na muhalli. Suna zaune a kashin shanu, a jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, a taɓo da ƙazamin ruwa. A nan ake samun E. coli, Klebsiella da Streptococcus uberis. Bayan an gama tatsa, ƙofar kan nono takan zauna a buɗe na kusan rabin awa ko fiye. Idan saniya ta fita ta kwanta a kan ƙazanta a wannan lokaci, cuta ta samu hanya, ko da kofin da aka tatse ta da shi sabo ne fil.

Na'urar ɗauraya kashin farko take tarewa. Tsaftar kofi ce aikinta, hannunta bai kai wurin kwanan shanu ba. A Ingila kuwa, ƙwayoyin muhalli irin su Streptococcus uberis da E. coli ne suka fi haddasa ciwon hantsa na bayyane a 'yan shekarun nan. Mai gonar da matsalarsa daga shimfiɗa take, in ya kashe kuɗi kan wannan na'ura, ya yi kamar wanda ya sayi sabuwar caja mai tsada alhali batirin wayarsa ne ya mutu.

Me gwaje-gwaje suka nuna?

Abu biyu ne, kuma bai kamata a cuɗa su ba. Na farko, babu gardama cewa ɗauraya da sinadari tana rage yawan bakteriyar da ke cikin robar kofi ƙwarai. Idan aka shafo samfuri daga robar kafin ɗauraya da bayanta, bambancin a fili yake.

Na biyu shi ne inda ake samun saɓani: shin raguwar bakteriya a roba tana zama raguwar shanun da ke kamuwa? Sakamakon ya bambanta daga garke zuwa garke. A inda cuta mai yaɗuwa ta yi katutu, ana ganin amfani. A inda ake kula da tsoma kan nono cikin maganin kariya bayan kowace tatsa, ƙarin da na'urar ke kawowa yakan zama kaɗan, saboda maganin ya riga ya kashe mafi yawan abin da kofin ya bari a fata.

Akwai wani abin lura kuma. Idan gona ta sa tsarin da ke fesa magani da ɗauraya a tare, ta ga lafiyar garke ta inganta, yana da wuya a tantance wanne daga cikin biyun ya yi aikin. Sau da yawa ribar tana fitowa ne daga cewa inji ba ya gajiya, ba ya tsallake kan nono ɗaya don yana sauri, abin da ɗan Adam kan yi a ƙarshen doguwar tatsa.

Tsohon tsarin da har yanzu ke gaba

A shekarun 1960, masu bincike a cibiyar nazarin madara ta ƙasa da ke kusa da Reading a Ingila suka fitar da tsari mai matakai biyar: tsoma kan nono a maganin kariya bayan tatsa, ba shanu magani lokacin da aka dakatar da tatsarsu kafin haihuwa, gaggauta jinyar wadda ta kamu tare da rubuta bayaninta, fitar da shanun da cutar ta ƙi barinsu daga garke, da kula da lafiyar injin tatsa. Wannan tsari ne ya karya lagon ƙwayoyi masu yaɗuwa a ƙasashe da dama, tun kafin na'urar ɗauraya ta zama ruwan dare.

Ko robar kofin ma tana da wa'adi. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a canza baƙar roba bayan tatsa 2,500 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. A misalinmu na sama, kowane saiti yana tatsa sau 20 a rana, kenan cikin kwana 125 robar ta cika wa'adinta. Tsohuwar roba tana tsattsagewa ta yadda ido ba ya gani, bakteriya ta ɓuya a ciki, kuma ɗaurayar 'yan daƙiƙoƙi ba lallai ta kai gare ta ba.

Kuɗin da ke biyo bayan saye

Ana biyan kuɗin na'urar ne bisa yawan saitin tatsa, don haka babban ɗaki babban kuɗi. Bayan saye kuma akwai sinadari, ƙarin ruwa mai tsafta, wutar kwamfiresa da gyaran bawul-bawul lokaci-lokaci. Idan bawul ya lalace ba a lura ba, ruwa ko sinadari na iya zarcewa cikin madara, kamfanin saye kuma yana gwada madara don gano ko an ƙara mata ruwa. Idan sinadarin ya ƙare ko famfon gaurayawa ya tsaya, na'urar za ta ci gaba da fesa ruwa zalla, mai gona yana zaton yana cikin kariya. Babban haɗarin shi ne ma'aikata su saki jiki, su rage sa safar hannu da goge hantsa don sun dogara da inji.

Wa ya kamata ya saya?

Matakin farko shi ne a san abokin gaba. A ɗebi samfurin madara daga shanun da ƙidayarsu ta yi sama da waɗanda suka kamu a bayyane, a kai ɗakin gwaje-gwaje, a zauna da likitan dabbobi a duba bayanan watanni. Manhajojin kula da garke na waya da kwamfuta suna nuna wace saniya ta kamu, yaushe, kuma sau nawa.

Na'urar ta fi dacewa da babban garke da aka tabbatar yana fama da Staphylococcus aureus ko Mycoplasma, inda ware shanun da suka kamu ke da wuya, ko inda ma'aikata suka yi kaɗan. Ta dace kuma da gonar da ke yawan sayo shanu daga waje, tunda baƙuwar saniya na iya shigowa da cuta a ɓoye.

Ƙaramin garke yana da hanyoyi masu sauƙi da ke toshe wannan kafar: a tatsi shanun da suka kamu a ƙarshe, a ware musu saitinsu, ko a tsoma kofunan da hannu cikin ruwan sinadari bayan kowace saniya da ake zargi, a riƙa sabunta ruwan. Idan kuwa gwaji ya nuna ƙwayoyin muhalli ne, kuɗin ya fi amfani a busasshiyar shimfiɗa, kwashe kashi a kan kari, da ajiye abinci a gaban shanu bayan tatsa don su tsaya a tsaye har ƙofar nono ta rufe.

Ina ya shafe mu?

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar, mafi yawan tatsa da hannu ake yi. Sai dai gonakin zamani masu injin tatsa sun fara bayyana, irin wadda kamfanin Arla ya buɗe a Damau ta jihar Kaduna a 2023, kuma matasan da ke sha'awar harkar madara za su ci karo da tallan irin waɗannan na'urori. Duk wanda zai saya ya fara tambayar kansa ko yana da tsayayyiyar wuta, ruwa mai tsafta, sinadarin da ba zai yanke ba, da makanikin da ya san na'urar.

A rugar da ake tatsa da hannu kuwa, hannun mai tatsa ne ke aikin da robar kofi ke yi, kuma shi ma yana ɗaukar cuta daga saniya zuwa saniya. Wanke hannu da sabulu tsakanin shanu, daina goge hantsar garke duka da tsumma ɗaya, da barin saniya mai kumburin hantsa zuwa ƙarshe, su ne matakan da suka yi daidai da aikin na'urar, kuma kusan ba sa cin ko sisi.