Ƙudurin Zama a Tsakanin Masoya: Ra'in Masana da Auren Ƙasar Gwarzo

Tambayar da wannan takarda ta sa a gaba tsohuwa ce: me ke sa mutum ya ci gaba da zama da wanda ya aura bayan ɗokin amarci ya wuce? Masana ilmin halayyar ɗan Adam sun daɗe da rarrabe so da abin da za mu kira a nan ƙudurin zama, wato niyyar da mutum ya ɗaura ta riƙe abokin zamansa, da daɗi da ba daɗi. Manufarmu ita ce mu gwada wannan ra'i a kan auren karkara irin na Sabon Birni da sauran garuruwan Gwarzo da Kabo, mu ga inda ya zauna da inda ya yi tangarɗa.

Tushen maganar yana cikin littafin da John Thibaut da Harold Kelley suka wallafa a Amurka a 1959. Sun ce mutum kan auna zamansa da ma'auni biyu: abin da yake ganin ya cancanta, da abin da zai iya samu a wani wuri. A 1980 Caryl Rusbult ta ƙara na uku, wato jari: shekaru, 'ya'ya, dukiya da sirrin da aka zuba cikin zaman, waɗanda za su salwanta in an rabu. A ganinta ƙuduri yana ƙarfi in gamsuwa ta yi yawa, mafita ta yi kaɗan, jari kuma ya yi nauyi. A 2003 Le da Agnew suka tattara bincike 52 a kan mutum fiye da 11,000, suka tarar abubuwan nan uku sun bayyana mafi yawan bambancin ƙuduri a tsakanin mutane.

To, amma waɗannan bincike galibi a kan Turawa masu mace ɗaya aka yi su. A ƙasar Hausa mafitar miji da ta mata ba iri ɗaya ba ce. Ra'in ya ɗauka cewa wanda ya hango wata sai ya bar ta gida. Magidanci kuwa yana iya ƙara aure ba tare da ya saki uwargida ba, saboda haka igiya tana nan alhali zuciya ta ƙaura. Mai ƙirga saki kaɗai ba zai ga wannan ba. Ita kuma mace, in ta gama idda, zawarci ba abin kunya ba ne, kuma gidan ubanta a buɗe yake. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, shaida ne daga maƙwabta, domin Baba ta tashi ne kusa da Zarewa, kudu da Gwarzo. Aure huɗu ta yi. Na farin auren zumunci ne da ta karɓa don biyayya ga iyaye, ba ta son mijin, daga baya ta fita. Ba ta taɓa haihuwa ba.

Maganar jari ita ta fi bukatar tsayawa. A wurin Rusbult jarin na mutum biyu ne. A nan kuwa dangi ne suka zuba shi: su suka kai gaisuwa, suka haɗa lefe, suka yi gara, suka jera ɗaki. Shi ya sa in mace ta yi yaji, manya ake turawa biko, su kuma kan mayar da ita ko da fushinta bai huce ba. Har wa yau, kayan ɗaki mallakar mace ne, da su take fita, don haka ba su ɗaure ta kamar yadda gidan haɗin gwiwa ke ɗaure Baturiya. Abin da ke ɗaure ta 'ya'ya ne. Mazhabar Malikiyya ta ba uwa haƙƙin reno, amma al'ada takan bar yara a gidan uba bayan yaye. Sau nawa muka ji mace ta ce zaman 'ya'yanta take yi? Wannan jari ne na gaske, sai dai ba shi da dangantaka da mijin.

A nan ne rabe-raben Michael Johnson na 1991 ya fi amfani. Ya ce ƙuduri iri uku ne: ina so in zauna, ya wajaba in zauna, ba ni da yadda zan yi. Mu kuwa duka ukun mukan haɗa su a kalma ɗaya, haƙuri, kuma a ganina wannan haɗawa tana da haɗari. A 1995 Rusbult da Martz sun yi nazarin matan da suka gudu daga dukan mazajensu, suka ga waɗanda ba su da abin hannu ko sana'a sun fi komawa. Alƙali ko mai unguwar da ya ga mace ta koma ɗakinta, ya ce an sasanta, mai yiwuwa ne nau'i na uku ya gani ya ɗauke shi na farko.

Auren zawarawa da gwamnatin Kano da Hukumar Hisba suka fara a 2012, da ma'aurata 100 a rukunin farko, ya taɓa ma'auni biyu: ya zuba jari ta hanyar sadaki da kayan ɗaki, ya kuma sa wa saki shinge. Gamsuwa ce gwamnati ba ta iya saye. Manazarcin da zai bi irin waɗannan gidaje a Gwarzo ko Kabo, lalle ne ya tambayi miji daban, mata daban, kuma mace ce ya kamata ta shiga ɗaki ta tambayi matar, ba a gaban uwar miji ba.