Shirin Musamman: Abin da Masana Ke Nema a Jikin Mai Gudu



Ranar 12 ga watan Oktoba na shekarar 2019, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ɗan Kenya Eliud Kipchoge ya gama gudun fanfalaki na kilomita 42 da mita 195 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Kafin ranar, babu mahalukin da ya taɓa yin wannan tazara a ƙasa da awa biyu. Ba a karɓe shi a matsayin tarihin duniya ba, domin an tsara gudun ne musamman dominsa. To amma tsarin nan shi ne labarinmu a yau, don kuwa bayan ƙafafun Kipchoge akwai aikin malaman jami'a na sama da shekara ɗari.

Bari mu fara da numfashi. A farkon shekarun 1920, wani masani ɗan Ingila, A. V. Hill, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel ta shekarar 1922, ya riƙa goya wata jaka a baya yana gudu, yana hura numfashinsa a cikinta, daga baya a auna iskar. Abin da ya gano shi ne jikin kowane mutum yana da iyakar oksijin da zai iya sha a minti ɗaya. Idan ka kai wannan iyaka, ko ka ƙara sauri, ba za ta ƙaru ba. Har gobe ana yi wa 'yan wasa wannan awo: a ɗora mutum kan na'urar gudu a wuri ɗaya, a rufe masa hanci da baki da takunkumi mai mesa, a yi ta ƙara sauri yana haki, gumi na tsiyaya, har sai ya ɗaga hannu ya ce ya gaji.

Da 'yan Kenya suka mamaye tseren nesa, sai jama'a suka ce ai huhunsu ne ya fi na kowa, tunda garuruwa irin su Iten suna kan tsauni mai tsayin kusan mita 2,400. Farfesa Bengt Saltin, ɗan Suwidin, ya je ya gwada su da 'yan gudun arewacin Turai a shekarun 1990. Sai ya tarar iyakar oksijin ɗinsu kusan ɗaya ce. Bambancin yana wajen tattali: ɗan Kenya yana yin gudu iri ɗaya da na Bature amma yana ƙona ƙarfi kaɗan. Masu binciken sun danganta wani ɓangare na hakan da siririn ƙwauri, wanda ba shi da nauyin ɗagawa. Ni dai wannan binciken ya fi burge ni, domin ya nuna cewa abin da kowa ya yarda da shi ma yana buƙatar ma'auni.

Daga nan sai masu nazarin motsin gaɓoɓi. A 2010, Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard ya nuna cewa waɗanda suka saba gudu ba takalmi sukan sauka kan gaban tafin ƙafa, ba kan diddige ba. A Jami'ar Colorado kuwa, masana sun gwada takalmin Nike Vaporfly suka ga yana rage ƙarfin da mai gudu ke kashewa da kusan kashi 4 cikin 100.

Saura zuciya. Tun 1898, Norman Triplett na Jami'ar Indiana ya lura cewa masu tseren keke sun fi sauri idan suna tare da wasu. Ya sa yara su naɗe zaren fatsa, wani lokaci su kaɗai, wani lokaci da abokin gasa, sai da yawansu suka fi hanzari idan akwai wani a gefe. A Biyana, 'yan gudu 41 ne suka riƙa karɓa-karɓa suna yi wa Kipchoge rakiya. Suna tare masa iska, wannan gaskiya ne, amma kuma bai kasance shi kaɗai ba sai a mita 500 na ƙarshe, lokacin da suka ja da baya suna yi masa kirari, shi kuwa yana nuna taron jama'a da hannu biyu har ya tsallake layi.